Van der Waals, Ɗan Kafinta Mai Lissafin Ruwa Da Tururi

Idan aka dafa ɗanyen mai a matata, wani kashi yakan tashi tururi, wani kuwa ya zauna ruwa-ruwa, kuma ta haka ne ake raba fetur da kananzir. Kafin injiniya ya gina hasumiyar tacewa, wajibi ne ya lissafa abin da zai tashi da abin da zai zauna a kowane zafi da matsi. Wanda ya kafa harsashin wannan lissafi shi ne marigayi Johannes van der Waals, mutumin ƙasar Holan.

An haife shi a birnin Leiden a 1837. Mahaifinsa kafinta ne, don haka bai sami shiga makarantar da ake koyar da Latin da Girkanci ba, ga shi kuwa a dokar lokacin ba a barin wanda bai san harsunan nan ba ya ɗauki jarrabawar jami'a. Sai ya kama aikin koyarwa, yana leƙa darussan jami'ar Leiden in ya sami sarari. Da aka ɗage masa wannan sharaɗi, ya sami digirin dakta a 1873, yana da shekara 35.

Lissafin da ake amfani da shi a da ya ɗauka cewa ƙananan ƙwayoyin iskar gas ba su da kauri, kuma ba ruwan wata da wata. Shi kuwa ya nuna cewa kowace tana cin wuri, kuma suna jan juna. Da gyare-gyaren nan biyu kawai, lissafi ɗaya ya bayyana halin ruwa da na tururi baki ɗaya.

A 1877 ya zama shaihun malami a jami'ar Amstadam. Rasuwar matarsa a 1881 ta girgiza shi ƙwarai, har ya yi shekaru alƙalaminsa a ajiye. A 1890 ya fitar da bayaninsa kan abubuwa biyu da aka gauraya, kuma nan ne masu tace mai suka fi cin moriyarsa, domin ɗanyen mai gauraye yake.

Gaskiya ne lissafinsa yakan kauce idan aka zo kan nauyin ruwa. Redlich da Kwong sun gyara shi a 1949, Peng da Robinson suka ƙara a 1976, amma dukansu a kan harsashinsa suka ɗora.

An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1910. Ya rasu a Amstadam ran 8 ga Maris, 1923.