Gregor Mendel, Firist Mai Ƙidayar Wake

An haifi Johann Mendel a shekara ta 1822 a ƙauyen Heinzendorf, wanda a yau yake cikin ƙasar Cek. Iyayensa manoma ne marasa hali. Da kuɗin karatu ya gagara, sai ya shiga gidan sufaye na birnin Brno a 1843, inda aka raɗa masa suna Gregor. An keɓe shi firist a 1847.

Sau biyu ya zauna jarrabawar zama cikakken malami, sau biyu bai ci ba. Amma lissafi da kimiyyar da ya koya a Jami'ar Viyana daga 1851 zuwa 1853 ba su tafi a banza ba. Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa a lambun sufaye yana barbarar wani irin wake na Turai, yana ƙidaya kowane tsiro, har kimanin dubu 28. Da ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan fari duka dogaye suka fito. A jikoki kuwa gajarta ta komo, ɗaya cikin kowane huɗu. Ashe hali yakan ɓuya a jikin iyaye, sa'an nan ya bayyana a zuriya bisa ƙa'idar da ake iya lissafawa.

Ya buga bincikensa a 1866, masana ba su kula ba. A 1868 aka naɗa shi shugaban sufaye, hidima ta cinye lokacinsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1884. Sai a 1900 masana uku suka sāke gano ƙa'idar, suka tarar ya riga su.

Abin da ya ƙidaya shi ne ake kira ƙwayoyin gado. Daga baya aka gane cewa a cikin ɗan tayi suna aiki tare: wata ta kunna wata, wata ta kashe wata, har kowace gaɓa ta sami wurinta. A 2002 Eric Davidson da abokan aikinsa a Amurka suka zana taswirar wannan hulɗa a tayin wata halittar teku mai ƙayoyi kamar bushiya. A 2012 suka zuba ta cikin kwamfuta, lissafin ya yi daidai da mafi yawan abin da ake gani a tayin.

Ƙa'idar Mendel ta iso har ƙofar gidajenmu. Idan saurayi da budurwa a Maiduguri suka je gwajin jini aka tarar dukansu AS ne, ɗaya cikin huɗun nan ce take jiransu: kowane ciki yana da wannan hatsari na zuwa da sikila, ko da na baya ya zo lafiya. Iyaye da fastoci masu nacewa a yi gwaji kafin baiko suna cin moriyar haƙurin mutumin da ya mutu ba a san darajar aikinsa ba.