Gerhard Hansen: Likitan da ya gano cewa kuturta ba gado ba ce

A ƙarni na 19 kuturta ta addabi yammacin ƙasar Nowe, kuma manyan likitocin zamanin sun tafi a kan cewa gadonta ake yi daga iyaye. Wanda ya rushe wannan fahimta shi ne Gerhard Armauer Hansen.

An haife shi a birnin Bergen ranar 29 ga Yulin 1841. Ya kammala karatun likitanci a 1866, sannan a 1868 ya kama aiki a asibitin kutare na Bergen ƙarƙashin Daniel Danielssen, wanda shi ne jagoran masu ra'ayin gado. Daga baya ma Hansen ya auri 'yarsa, amma surukuta ba ta hana shi saɓa wa maigidan nasa ba.

Yawon da ya yi a ƙauyuka yana duba marasa lafiya ya nuna masa cewa cutar ta fi bin zama tare fiye da dangantakar jini. A 1873 ya sanya naman da ya ciro daga ƙurajen masu cutar a madubin likita, sai ya ga wasu ƙwayoyi sirara kamar sanduna. Su ne ake kira Mycobacterium leprae.

Illar ƙwayar ta fi yawa a jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin laka da gaɓoɓi. Takan shiga rigar da ta lulluɓe jijiya, jijiyar ta kumbura ta daina aiki. Alamar farko ita ce tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Idan ta kama jijiyar gwiwar hannu, yatsu biyu na ƙarshe su lanƙwashe. Idan ta gefen gwiwa ce, ƙafa ta riƙa ja a ƙasa, ta fuska kuwa ido ya kasa rufuwa. Dungulmin ma daga nan yake: wanda ba ya jin zafi zai ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ruɓe har ya ci ƙashi.

Hansen ya kasa renon ƙwayar a ɗakin gwaji, ya kuma kasa sa wa dabbobi ita. Neman hujja ya kai shi ga aika-aika: a 1879 ya soka wa wata majinyaciya abin da ya ciro daga wani mai cutar a cikin ido, ba da yardarta ba. Matar ta kai ƙara, kuma a 1880 kotu ta raba shi da muƙaminsa na asibiti, ko da yake ya ci gaba da zama babban jami'in yaƙi da kuturta na ƙasar.

Da shawararsa aka kafa dokokin 1877 da 1885, waɗanda suka kai ga keɓe masu cutar. Adadinsu ya ragu ƙwarai a Nowe, amma keɓewar ta raba iyalai da dama, ta kuma ƙara tsangwama a ƙasashen da suka kwaikwayi tsarin.

Ya rasu ranar 12 ga Fabrairun 1912 bai ga maganin cutar ba. Dapsone ya zo ne a shekarun 1940, kuma asibitin Uzuakoli da ke jihar Abia ta yanzu na cikin wuraren da aka fara gwada shi. A yau haɗin rifampicin da dapsone da clofazimine na warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, kuma kyauta ake bayarwa. Sai dai maganin ba ya farfaɗo da jijiyar da ta riga ta mutu, shi ya sa likitoci ke jaddada zuwa asibiti tun tabo na farko.

Don gudun ƙyamar da ke tattare da tsohon sunan, ƙasashe da yawa yanzu cutar Hansen suke kiranta.