Tarihin Marigayi Malam Muhammadu Bello Kagara, Walin Katsina

A cikin dattawan da suka yi wa En'e ta Katsina aiki, akwai wanda ya kamata kowane ma'aikaci ya san labarinsa, shi ne Malam Muhammadu Bello Kagara.

An haife shi a Kagara, ta ƙasar Kwantagora, cikin 1890. Ubansa, Malam Shehu Usman, shi ne alƙalin garin, saboda haka ya buɗe ido ya tarar da allo da tawada da littattafan shari'a a zaurensu. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya, cikin 1901, Turawa suka ci Kwantagora. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita da jama'arsa, iyayen Bello suna cikin waɗanda suka bi shi. Watau tun yana yaro ya sha wuyar gudun hijira, ya kuwa san wanda ya kore su.

Duk da haka, sa'ad da ƙasa ta kwanta, Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano cikin 1909, sai ga ɗan alƙalin nan a cikin almajiranta. A zamanin nan yawancin mutane ƙyamar boko su ke yi, suna tsoron kada yaro ya tafi da addininsa ya komo babu. Malam Bello ya shiga da karatun da ya samu a gida, ya fito da shi, ya ƙara da na zamani. Daga nan aka tura shi koyarwa makarantar lardi ta Zariya.

Cikin 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka kafa Kwalejin Katsina domin horon malamai, aka kawo shi ya riƙa koyar da Larabci da addini da Hausa. Nauyin da ya ɗauka ba kaɗan ba ne, gama yaran nan an raba su da garuruwansu, daga Sakkwato har Barno, kusan dukan karatunsu kuwa da Turanci a ke yi. Shi ne ke tsare musu abin da iyayensu su ke tsoron ya ɓace. A kwalejin nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Isa Kaita suka yi karatu, duk yana malami. Ya yi ta wannan aiki har 1945.

Bai tsaya ga aji kaɗai ba. Cikin 1933 Ofishin Talifi na Zariya ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa, domin waɗanda suka koyi karatu su sami abin karantawa. Ƙanensa Abubakar Imam ya yi nasara da Ruwan Bagaja, shi ma ya yi nasara da Ganɗoki, labarin wani jarumi wanda ya yi yaƙi da Turawa. Daga baya ya rubuta tarihin Sarki Dikko, aka buga cikin 1951.

Da ya bar koyarwa yana da shekara hamsin da biyar, lokacin da wani zai nemi hutu, sai ya shiga En'e ta Katsina zamanin Sarki Usman Nagogo, ya koma ga aikin ubansa, watau alƙalanci. Ya yi ta ɗaukaka har ya zama Alƙalin Alƙalai, aka kuma naɗa shi Wali. A lokacin, talaka na ƙasar kudu, kamar Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, in bai yarda da hukuncin alƙalin gundumarsu ba, birni ya kan ɗaukaka ƙara. Rabon gado, da rikicin bashi, da dukiyar marayu, duk amana ce a hannun mai wannan kujera, abin da ya yanke kuwa ya kan gyara gida ko ya rushe shi.

Allah ya yi masa rasuwa cikin 1971, yana da shekara tamanin da ɗaya. Abin lura ga ma'aikaci, ko malamin haraji ne, ko na baitulmali, ko muhuti, shi ne an ba mutumin nan amanar 'ya'yan mutane shekara da shekaru, aka ga yadda ya riƙe, kāna aka ba shi amanar dukiyarsu da haƙƙinsu. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.