George Hodgson, Gwarzon Ninƙaya na Ƙasar Kanada

An haifi George Ritchie Hodgson a birnin Montreal na ƙasar Kanada ranar 12 ga watan Oktoba, 1893. A nan ya tashi, a nan kuma ya goge a fannin ninƙaya, a ƙarƙashin ƙungiyar wasannin motsa jiki ta birnin. Sunansa ya fara fita waje a shekarar 1911, sa'ad da aka shirya wasanni a Landan domin bikin naɗin Sarki George na Biyar. Hodgson ya shiga tseren iyo na mil ɗaya, ya zo na farko.

Da shekara ta zagayo, aka yi gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, babban birnin Siwidin. Shi kaɗai ne ɗan ninƙayar da Kanada ta tura, yana da shekara 18 da haihuwa. A wancan zamani ba a cikin kwarmin iyo na zamani aka yi gasar ba. Wani sashen ruwa aka keɓe a gaɓar birnin, mai tsawon mita 100, a ciki 'yan wasa suke kai da komowa.

Babban abin da ake tuna Hodgson da shi ya faru ne a tseren ƙarshe na mita 1,500. Da ya kai mita 1,000, aka duba agogo aka ga ba wanda ya taɓa cin wannan nisa da irin wannan sauri a duniya. Ya kammala mita 1,500 cikin minti 22 daidai, wannan ma sabon tarihi ne, ga kuma lambar zinariya. Amma maimakon ya fito ya huta, sai ya zarce, ya ƙara mita 109 domin ya cika mil guda, nan ma ya kafa tarihi. Ke nan a shiga ruwa ɗaya ya kafa tarihi sau uku. Bayan 'yan kwanaki ya sake lashe zinariya a tseren mita 400. A duka tseren biyu John Hatfield na Birtaniya ne ya bi masa baya. Lokacin da ya kafa a mita 1,500 kuwa bai gushe ba har shekarar 1923, da Arne Borg na Siwidin ya zarce shi.

Hodgson ya yi karatu a Jami'ar McGill da ke Montreal. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zama matuƙin jirgin sama a rundunar ruwa ta Birtaniya, har aka ba shi lambobin yabo, ciki da wadda ake bai wa wanda ya ceci rayuka a teku. Bayan yaƙi ya halarci Olamfik ta 1920 a Antwerp ta ƙasar Beljiyam, amma bai samu lamba ba. Daga nan ya mai da hankali ga sana'ar dillancin hannun jari a garinsu.

Ba a manta da shi ba. An shigar da sunansa cikin zauren tunawa da gwarazan wasanni na Kanada a 1955, sa'an nan cikin na gwarazan ninƙaya na duniya a 1968. Har ya tsufa, gasar Olamfik tana zuwa tana wucewa, ba wani ɗan Kanada da ya sake cin zinariya a ninƙaya. Ya rasu a Montreal ranar 1 ga watan Mayu, 1983, yana da shekara 89. Shekara guda bayan rasuwarsa, a gasar Los Angeles ta 1984, Alex Baumann da Anne Ottenbrite da Victor Davis suka kawo wa Kanada zinariya huɗu, bayan jiran shekara 72.