Annabi Armiya, Mai Makokin Baitul Muƙaddas

A wannan mako za mu waiwayi rayuwar Annabi Armiya, amincin Allah ya tabbata gare shi. Sunansa bai zo cikin Alƙur'ani ba, amma Ɗabari da Ibnu Kasir sun ambace shi cikin annabawan Bani Isra'ila. Wahabu ɗan Munabbihu ma yana ganin shi ne mutumin da ya wuce ta rusasshiyar alƙarya a aya ta 259 ta Suratul Baƙara, ko da yake Uzairu ne aka fi sani da wannan ƙissa.

Mutumin Anatot ne, wani ƙauye kusa da Baitul Muƙaddas. Bisa ga littafin da ke ɗauke da sunansa, an aiko shi wajen shekara ta 627 kafin haihuwar Annabi Isa, ya shekara arba'in yana yi wa mutanensa gargaɗi su bar shirka da zalunci, in ba haka ba Bukhtanassar, Sarkin Babila, zai cinye su. Sarki Yehoyakim ya yayyanka takardarsa da wuƙa ya zuba a wuta. Armiya ya sa magatakardansa Baruk ya sake rubuta ta, har da ƙari. Zamanin Sarki Zadakiya fadawa suka jefa shi cikin rijiya mai taɓo, sai wani Bahabashe na fada ya fid da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa, yana tsare, maƙiya sun kewaye birni, sai ya sayi gona a ƙauyensu kan shekel 17 na azurfa, ya sa aka adana takardar cinikin cikin tukunya. Mutumin da ya fi kowa faɗin halaka, ga shi bai fid da tsammani daga rahamar Allah ba.

Birnin ya faɗi a shekara ta 586, aka ƙone ɗakin ibadar da Annabi Sulaimanu ya gina, aka kwashi jama'a zuwa Babila. Yahudawa na jingina masa Littafin Makoki, waƙoƙi biyar na kuka da amsa laifi da neman gafara, waɗanda har yau suke karantawa ranar tara ga watansu na Ab, ko da yake masana da dama na ganin wasu ne suka tsara su.

Babilawa sun ba shi zaɓi, ya zaɓi zama da talakawan da aka bari. Da aka kashe gwamna Gedaliya, mutane suka tsorata suka gudu Masar, suka tafi da shi duk da ya hane su, can ma ya ci gaba da yi musu wa'azi.