James Dean: Tauraron fim da motar tsere ta Jamus ta yi ajalinsa

A ranar 30 ga Satumban 1955 wata 'yar ƙaramar mota mai launin azurfa ta yi karo da wata Ford a mararrabar Cholame da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Mai tuƙa ta, James Dean, ya rasu yana da shekara 24, a lokacin da fim ɗaya kacal da ya ja ragama ya fito.

An haife shi ranar 8 ga Fabrairun 1931 a garin Marion na jihar Indiana. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara tara, aka kai shi riƙo wurin gwaggonsa a wata gona a Fairmount. Ya sha faɗi-tashi a New York kafin fim ɗin East of Eden ya fito da shi duniya a 1955.

Da kuɗi suka shigo, sai ya faɗa tseren motoci. Wannan ya sa kamfanin Warner Bros. ya hana shi tsere har sai ya gama aikin fim ɗin Giant. Yana kammalawa ya sayi Porsche 550 Spyder, kwana tara kafin rasuwarsa.

Guda 90 kawai kamfanin Porsche na Jamus ya ƙera irinta. Jikinta na alminiyam ne, nauyinta kimanin kilo 550, ga injin lita 1.5 a bayan direba. Rashin nauyin ne ya sa take kayar da manyan motoci a fagen tsere. Gajartarta ta kai har a 1954 direba Hans Herrmann ya sunkuya ya wuce da irinta ta ƙarƙashin shingen layin dogo a gasar Mille Miglia ta Italiya.

Da farko an shirya ɗora motar a tirela zuwa gasar Salinas, amma Dean ya tuƙa ta da kansa don sabon injin ya saki. A hanya ɗan sanda ya ba shi takardar laifin gudu, sa'o'i kaɗan kafin haɗarin. Makanikensa Bajamushe, Rolf Wütherich, ya tsira da munanan raunuka.

Bayan rasuwarsa aka saki Rebel Without a Cause da Giant, kuma sau biyu yana shiga jerin 'yan takarar kyautar Oscar yana kabari. An binne shi a Fairmount, garin da ya tashi.