MARIGAYI SHAIHU ABUBAKAR GUMI DA ƊALIBAN ƘETARE

An haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi a garin Gummi, cikin tsohon Lardin Sakkwato, watau lardin da ya haɗa har da Argungu da Birnin Kebbi. Ya fara karatu a gaban mahaifinsa, Alƙali Mahmud, sa'an nan ya shiga Midil ta Sakkwato da Makarantar Shari'a ta Kano.

A cikin 1954 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki nauyinsa zuwa Bahtar Ruda a ƙasar Sudan. Wannan alheri bai manta da shi ba. Bayan ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962, kuma yana cikin Rabiɗa ta Makka, ya yi ta nema wa samari gurbin karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, inda ake koyarwa da ciyarwa kyauta. Ta haka 'ya'yan talakawa, waɗanda iyayensu ba su da ko kuɗin jirgi, suka tafi suka komo malamai.

Ya rasu a Landan ran 11 ga Satumba, 1992. Allah ya jiƙansa, ya ba mawadatanmu ikon koyi da shi, amin.